Yashin Kolorado: mai son ƙololuwa ya taka da ƙafarsa

Wani ɗan gajeren bidiyo ya zagaya wayoyi kwanakin baya. Wani ɗan'uwanmu mazaunin Amurka ne tsaye a gindin tudun yashi, silifa a hannu, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya kamar kaza a kan kwanon rufi da tsakar rana. Ƙorafinsa uku. An karɓi dala 25 a ƙofa. Babu motar da za ta hau da mutum, babu raƙumi, ko rumfa babu. Sannan wai a Dubai da kuɗinka za a saka ka a jif, a yi ta wujijjiga ka a kan tudu sai ka ce a tsaya. Masu ba shi amsa suka rabu biyu: wasu na taya shi faɗa, wasu na dariya, wai wanda ya bar Yobe ya tafi Amurka kallon yashi ai shi ya so.

Wurin da yake tsaye sunansa Great Sand Dunes, gandun ƙasa ne a kudancin jihar Kolorado. Ra'ayina a kai a fili yake: hukumar gandun ta yi daidai da ta hana mota da babur hawa kan yashin nan, kuma gara ta ci gaba da hanawa. Wahalar da ɗan'uwanmu ya sha, silifarsa da lokacin da ya zaɓa ne suka ja masa. Masu dariyar ma ba su fi shi gaskiya ba.

Wane irin yashi ne

Filin tuddan ya kai murabba'in kilomita 78. Mafiya tsayi su ne Star Dune da Hidden Dune, kowanne wajen mita 225 daga gindi zuwa kai, kamar bene mai hawa 70, kuma babu tudun yashin da ya kai su a duk Arewacin Amurka. A bayansu duwatsun Sangre de Cristo ne, masu ƙololuwa sama da mita 4,000, da dusar ƙanƙara a kai yawancin shekara.

Iska biyu ce ta gina su. Ta kullum tana tasowa daga kudu maso yamma, ta share kwarin San Luis, ta kawo yashi ta jibge a lungun da duwatsun suka lanƙwashe. Ta hadari kuma tana dawowa daga arewa maso gabas ta mashigai uku, Mosca da Medano da Music, ta turo shi baya. Yashin da aka matsa ta gaba aka matsa ta baya, sama kawai ta rage masa. Rafuka biyu, Medano da Sand Creek, suna zagaye filin, suna kwashe abin da ya zubo ta gefen dutse su mayar da shi ƙasan kwari, iska ta sake ɗaukowa. Ka tona da hannu, kafin ka kai wuyan hannu za ka taɓa damshi. Wannan damshin ne ya riƙe tuddan a inda suke.

"Ai iska za ta share sawun taya"

Wannan ita ce hujjar da masu son a bar mota ta hau yashin suka fi kawowa, kuma rabinta gaskiya ce. A kan tsiraicin tudu, sawun da ka bari da safe ba ya kwana idan iska ta tashi. Shi ya sa ba a shata wa kowa hanya a cikin yashin ba. Ka bi duk inda ka ga dama, ka mirgina, ka yi zamiya, babu mai ce maka kanzil muddin ba ka taka ciyawa ba.

Sai dai filin ba tsiraicin yashi ba ne duka. A kwaruruwan da ke tsakanin tuddai akwai ciyayi masu dogon saiwa, da furanni masu ruwan ɗorawa da kan cika wasu wuraren a watan Agusta idan shekara ta yi ruwa. Akwai aƙalla nau'in ƙwari 7 da ba a san su a ko'ina a duniya ba sai nan, cikinsu har da wani buzuzu mai gudu wanda tsutsarsa ke zama a ɗan rami cikin yashi. Akwai ɓera mai tsalle da ƙafafun baya, wanda kan yi rayuwarsa bai sha ruwa ba. Ƙafar mutum takan kauce wa ciyawa. Direban da ke neman gudun da zai haye tudu kuwa, kwarin nan shi ne filin ɗaukar gudunsa. Iska tana mayar da yashi wurinsa, ba ta mayar da saiwar da taya ta tumɓuke.

Ga kuma mutane. Kimanin rabin miliyan ke zuwa a shekara, da yawansu iyalai ne da ƙananan yara. Duk wanda ya san tudun yashi ya san yana da fuska biyu: ɗaya mai sauƙin hawa, ɗaya kuma gangara ce mai tsananin tsaye. Direban da ya taso ta mai sauƙin ba ya ganin abin da ke bayan tudun sai hancin motarsa ya riga ya sunkuya. A wuraren da aka yarda da wasan mota, irin su Glamis a Kalifoniya, doka ce sai an ɗaura doguwar sanda mai tuta a kowace mota, don na wancan gefen ya hango ta tun kafin ta bayyana. Yaro ɗan shekara 6 da ke zaune a gindin gangara yana zazzage takalmi, wace tuta gare shi?

Mutanen Nijar ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan abin da mota ke yi a sahara. Bishiyar Tenere ta tsaya ita kaɗai, babu 'yar'uwarta ko kusa, ayarin gishiri na tsakanin Agadas da Bilma suna wucewa ta gefenta zuriya bayan zuriya, ba wanda ya karya mata reshe don hura wuta. A 1973 babbar mota ta buge ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Hanin ma ba son ran ma'aikatan gandu ba ne. A 1976 majalisar dokokin Amurka ta saka filin tuddan ƙarƙashin dokar 1964 da ta keɓe wasu dazuzzuka a bar su yadda aka same su. A irin wannan wuri ko keke ba ya shiga.

Mai son tuƙi a yashi yana da hanyarsa

Ba a ce kada a yi tuƙi ba. Akwai hanyar Medano Pass, kilomita 35, wadda ta bi gefen tuddan ta gabas, ta ratsa yashi mai zurfi, ta tsallaka rafi sau 9, ta haura mashigi mai tsayin sama da mita 3,000. Tana cin awa biyu da rabi zuwa uku idan ba a kafe ba. Sharaɗinta mota mai jan taya huɗu na gaske, mai tsayin ciki, mai lambar hawa titi. Babur mai ƙafa huɗu na wasan daji ba ya shiga. Ƙananan jif na cikin gari, waɗanda kamfanonin haya ke bayarwa a filin jirgi, su ne ake yawan jawowa daga ramin yashi, kuma kuɗin janwe a wannan lungu ba na wasa ba ne.

Idan yashin ya bushe, a rage iskar taya zuwa geji 20 kafin a shiga, domin tayar ta baje ta hau kan yashi maimakon ta haƙa shi. Kada a tsaya a tsakiyar mai laushi, kada kuma a danna totur idan ta fara nutsewa, don taya mai juyawa a wuri ɗaya kabarinta take tonawa. Wanda zai wuce zuwa wajen duwatsu ya riƙe famfonsa, saboda taya mai geji 20 a kan tsakuwa mai kaifi ba ta daɗewa. Akwai wurin ajiye mota a farkon hanyar da suka raɗa wa suna Point of No Return, wato inda in ka wuce babu juyawa. Sunan ya isa gargaɗi.

Tsoho fa, da mai lalura?

Wannan hujja ta fi sauran nauyi, kuma ba zan ce an warware ta duka ba. Hajiya mai ciwon gwiwa ba za ta ga ƙololuwa ba. Gaskiya ne. A cibiyar baƙi ana ba da aron keken guragu mai manyan tayoyi kamar balan-balan, na manya da na yara, kyauta. Amma ba su da yawa, gara a kira a tanada tun kafin a taso, kuma suna bukatar ƙaƙƙarfan mai turawa. A kan jiƙaƙƙen yashin bakin rafi suna tafiya lafiya, a busasshe mai laushi kuwa mai turawa zai yi gumi. Da hukumar za ta ƙara yawansu da ta kyauta.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganin wannan a buɗe wa injin ƙofa. Motar da aka ce ta Hajiya ce, kafin shekara ta zagayo samari ne za su cika ta. Kuma abin da ya fi faranta ran tsofaffi da yara a wurin nan a ƙasa yake. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da ƙanƙarar duwatsu ke narkewa, rafin Medano yana malala a faɗi a gindin tuddan, 'yan taku kaɗan daga wurin ajiye motoci. Yawanci bai wuce idon sawu zuwa ƙwauri ba, amma yana da wata ɗabi'a da ba a cika gani ba: yashi yana taruwa a ƙarƙashin ruwa ya yi ɗan shinge, ruwa ya taru a bayansa, shingen ya fashe, sai igiya ta taho. Kusan kowane daƙiƙa 20 sai wata ta wuce, kamar bakin teku, alhali teku na nesa da sama da kilomita 1,000. Kaka ta shimfiɗa darduma a gaɓa, jikoki na cikin ruwa, tuddan na gabanta duka. Ƙarar inji ba abin da za ta ƙara mata.

A lura da lokaci dai. Daga tsakiyar Yuni ruwa na ja, sauro na fitowa, kuma a yawancin shekaru kafin Yuli ya ƙare rafin ya ƙafe a wannan wajen. A shekarar da ƙanƙara ta yi ƙaranci ma da ƙyar yake isowa. Ranakun Asabar da Lahadi na lokacin ruwan, layin motoci a ƙofa kan yi tsawo, wurin ajiyewa ya cika tun da hantsi. Mai iya zuwa Talata ko Laraba ya huta.

Dala 25 na mene ne?

Na mota ne da duk wanda ke cikinta, na tsawon kwana 7, dare da rana. Bisa doka kuma mafi yawan kuɗin ƙofa yana zama a gandun da aka karɓe shi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, da ba a tsare wurin ba da ba a same shi haka ba. A shekarun 1920 masu neman zinariya sun fara tace yashin, ana kuma maganar kwasar sa don yin kankare. Matan garuruwan kwarin ne suka tashi da rubuce-rubuce zuwa majalisa, har shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a kan kariyar wurin a watan Maris na 1932. Wanda ya ga abin da tifofi suka yi wa gaɓar kogunanmu ya san abin da matan nan suka hango.

Barazana ta biyu ta ƙarƙashin ƙasa ta zo. A shekarun 1980 wani kamfani ya nemi izinin zuƙe ruwan ƙarƙashin kwarin ya sayar wa biranen da ke wajen Denver, babban birnin jihar. Manoma da makiyaya da masu kare muhalli, waɗanda ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba, suka haɗa kai, kotu ta yi watsi da buƙatar a 1991. Dalilin a fili yake: ruwan ƙasa ya sauka, rafukan su nutse kafin su zagaye filin, aikin mayar da yashi ya tsaya. Shi ya sa dokar shekarar 2000 ta faɗaɗa iyakar ta haɗa da duwatsun da ruwan ke fitowa, aka sayi gonar kiwo ta Baca mai eka 97,000 a kan sama da dala miliyan 31, wurin ya zama cikakken gandun ƙasa a 2004. Mai biyan kuɗin ƙofa, gadin wannan ruwan yake taya biya.

"Muna da shi a gida"

Muna da shi. Tulo-Tulowa tana nan a Yusufari, Tenere kuwa ta haɗiye filin Kolorado sau ba adadi. Amma sanin yashin gida shi ne ke yaudarar mutanenmu a can, domin ƙa'idojin sun sha bamban.

Na farko, tsayin ƙasa. Wurin ajiye motocin kansa yana kan kusan mita 2,500 daga matakin teku, ninki biyu na Jos. Wanda ya sauka daga jirgi jiya, ko ya taso daga Houston ko New York, numfashinsa ba zai ishe shi ba. Tudun da kowa ke nufa, High Dune, yana kan jerin farko, tsayinsa ya ɗan haura mita 200, tafiyar kilomita 4 ce zuwa da dawowa. Daga ƙasa kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Mai ƙarfi yana yin awa 2, wanda jikinsa bai saba da tsayin ba yana iya cin 4. Kowane taku biyu yashi na ƙwace ɗaya. Kada a fuskanci gangara kai tsaye, a bi ƙashin bayan tudu, can inda iska ta daddaɓe yashin, ana karkacewa daga wannan zuwa wancan. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya alamar tsayin ne, maganinsu a sauka, a sha ruwa, a huta. Star Dune kuwa wajen kilomita 10 ce zuwa da dawowa, awa 5 zuwa 6, kuma ba ta baƙon kwana ɗaya ba ce.

Na biyu, zafin ba a iska yake ba. Da rani ma'auni kan tsaya wajen digiri 25 zuwa 27, abin da Bakano zai kira sanyin safiya. Amma yashin yana da duhu, rana kuma a wannan tsayi ba ta da shamaki, fuskarsa takan kai digiri 65. Nan ne ɗan'uwanmu ya faɗa. Silifa tana ɗibar yashi ta zuba a tafin ƙafa, cire ta kuma ya fi muni. Takalmi rufaffe da safa mai kauri, ga manya da yara. A fara hawa bayan sallar asuba, ƙarfe 10 ta yi maka kana saukowa, ko kuma a jira la'asar sakaliya. Ruwa aƙalla lita 2 ga kowane mutum don High Dune kaɗai, domin daga wurin ajiye motoci babu famfo babu inuwa. Baƙar fata ma rana na ƙona ta a nan, kada kunya ta hana shafa man kariya.

Na uku, tsawa. A Yuli da Agusta hadari kan haɗu da rana tsaka a kan duwatsun ya gangaro cikin ɗan lokaci. Mutum a kan tudu shi ne abu mafi tsayi a wajen. Aradu na faɗawa yashin nan har ta narkar da shi ya dunƙule kamar gilashi. Da ka ji rugugi, sauka, ka nufi mota. Daga Maris zuwa Mayu kuma iska ce matsalar, da yamma yashi na dukan fuska kamar allura. A nan kam ilimin gida na da amfani: rawani irin na Buzaye ya fi kowace hular da za a sayar maka a shago. Waya da kyamara a saka su a leda mai zif.

Na huɗu, sanyi. Ko a tsakiyar rani dare kan sauka ƙasa da digiri 10, da hunturu kuwa ƙasa da sifili sosai. Abin da ba za ka ji tsoro ba shi ne kunama da maciji mai dafi, babu su a cikin tuddan.

Sai maganar zamiya, inda kuɗi da yawa ke lalacewa. Kwali ba ya tafiya, faranti ba ya tafiya, allon dusar ƙanƙara ma a busasshen yashi kafewa yake. Allo na musamman ake bukata, mai santsin ciki, da dunƙulen kaki da ake gogawa kafin kowace gangarowa. Wanda ya manta gogawa zai zauna a kai yana ja da gindi yara na dariya. Gandun ba ya ba da haya. Akwai shago ɗaya kilomita 6 kafin cibiyar baƙi, wanda ke buɗewa daga bazara zuwa kaka, akwai kuma wani a garin Alamosa, kusan kilomita 55, haya wajen dala 20 a wuni. Wanda ya iso gindin tudu hannu rabbana sai ya koma. A zaɓi gangarar da ke ƙarewa a shimfiɗaɗɗen yashi mai laushi, ba a ciyawa ko a daskararren gaɓar rafi ba, kuma daga mota zuwa gangara mai ma'ana tafiyar kilomita 1 ce, allo a kafaɗa.

Daga Denver tafiyar awa 4 ce a mota, babu motar haya da ke zuwa ƙofar, a cika tanki tun daga Alamosa ko Fort Garland. Sansanin Piñon Flats yana da gurbi 88, ana buɗe shi daga Afrilu zuwa Oktoba, ana kamawa ta intanet har wata 6 kafin lokaci, kuma na lokacin ruwa da wuri suke ƙarewa. Mai ƙarfin hali zai iya karɓar takardar izinin kwana a cikin tuddan, bayan jerin farko: ƙungiya 20 kacal a dare, kowacce ba ta wuce mutum 6 ba, ba a hura wutar itace, sai ɗan risho na gas. Tun 2019 aka saka wurin cikin gandayen da aka tabbatar da duhun samansu, kuma a daren da babu wata taurari na fitowa yadda mutanen ƙauye suka san su kafin zuwan janareta. Fitilar jif ɗaya a kan tudu ta isa ta kashe wannan ga duk mutum 120 ɗin da ke kwance a ciki.

Abu biyu da kan jawo tara: tayar da ɗan jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi, da cika kwalba da yashi don tsaraba. Na biyun ma ba ya bukatar kwalba. Wanda ke cikin safa da aljihu da kunne zai bi ka har gida, kuma kamfanin da ya ba ka hayar mota zai gan shi a ƙarƙashin kujera.